Ƙyauren Zauren Kansila

"Ja shi a hankali, Kalilu, kada ka kankare mini bango," in ji Inna Kubura.

Kalilu kafinta ya fito da ƙyauren daga bayan ɗakin kaji, yana kaɗe masa yanar gizo-gizo. "Inna, wannan ai ya girme ni. Kansila ya san da maganar kuwa?"

"Ni na sani. Ɗauka mu je."

Ƙyauren zauren maƙwabcinta ne, Malam Mainasara. Tun yana malamin firamare, wata damina ruwa ya cinye bakin kwatar unguwarsu a cikin Daura, yara suka kasa tsallakawa zuwa makaranta. Gari na wayewa ya ɓalle ƙyauren gidansa ya shimfiɗa musu a kan kwatar. Daga nan ya shiga tara matasa aikin gayya, yau yasar magudana, gobe gyaran famfo. Mutanen unguwa suka matsa masa ya tsaya takarar kansila, ya kuma ci. Da aka gina kwalbati sai ya kawo ƙyauren ajiya gidan Kubura, ya ce jama'a sun saba shigowa ba ƙwanƙwasawa, a bar su haka.

Aka kuwa bar su. Kubura ce ta ga wadda abin ya ci. 'Yarsa ɗaya, Khairunnisa, uwarta ta rasu tana ƙarama. Yarinyar ta tashi tana zama a dokin ƙofa da kwanon tuwo, tana jiran babanta ya sallami mutane su ci tare. Yawanci barci ne yake riga shi zuwa, sai Kubura ta goya ta ta kai ta ɗakinta.

Yanzu ciwon ƙoda ya kwantar da Malam Mainasara, likita ya ce a koma gida a yi ta addu'a. Khairunnisa ta taho daga Mashi inda take aure, ta tarar 'yan dubiya sun cika gidan. Malam ya daɗe da sauka daga kujerar kansila, amma kowa in ya ce "Allah ya ƙara sauƙi" sai ya rage murya ya kawo kukan famfo ko na rufin aji. Jiya Kubura ta sami Khairunnisa a madafa, idanu jawur.

"Inna, ba wani abu nake nema ba," ta ce. "Mu sa hannu a kwano ɗaya, ni da shi, ko sau ɗaya ne."

Shi ya sa da maza suka tafi sallar azahar, Kalilu ya kafa ƙyauren. Kubura ta ja shi ta rufe, ta dasa kujerarta a waje.

Cyprian mai kayan gyaran babur ne ya fara zuwa da ledar lemo. "Mama, ko gaisuwa?"

"Gobe, Cyprian. Lemon dai zai shiga."

Sai ga Alhaji Sha'aban, kansila mai ci. "Inna, ni ne fa."

"Na gan ka, ranka ya daɗe. Da ni da kai yau duk 'yan waje ne."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya juya. Kubura ta bi shi da kallo, don ta san Mainasara bai taɓa mayar da mutum daga ƙofarsa ba.

Da la'asar ta shiga da sallama. An jingina Malam da filo, Khairunnisa na gefensa, kwanon tuwon dawa da miyar kuka a tsakaninsu.

"Kubura, unguwa lafiya?" ya ce. "Na ji shiru."

"Lafiya lau, Malam. Ajiyarka na mayar maka, na rufe zaure."

Ya dube ta. Ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa. Sai ya juya ga 'yarsa, ya dubi hannunta da ke cikin kwanon.

"Har yanzu daga gefe kike yanka, Uwata, kina bar mini tsakiya."

"Haka na saba, Baba."

"To matso. Ba ni labarin Mashi tun daga farko." Ya ɗaga ido. "Kubura, in kin fita ki ja shi."

Washegari da hantsi Malam ya cika. Kafin azahar layin ya toshe da jama'a, Kalilu ya zo da guduma yana tambaya ko a cire ƙyauren don masu ta'aziyya. Khairunnisa ta aiko cewa a buɗe shi kawai, a tokare da dutse.

Bayan addu'ar uku mutane suka ragu. Da yamma Kubura ta fito da tuwo a rufe, ta hango Khairunnisa zaune a dokin ƙofa. Tafin hannunta yana kan tsakiyar ƙyauren, daidai inda ƙafafun 'yan makaranta suka goge katakon ya yi sumul. Kubura ta ajiye kwanon, ta zauna kusa da ita, ta buɗe murfin.