Tsohuwar Farar Ƙwallo

Mutum shida suka shigo da teburin sinuka, wasan nan na buga ƙwallaye da sanda, ta ƙofar baya, suna nishi kamar sun ɗauko gawar ƙato, suka dire shi a tsakiyar ɗakin da Mai Agogo yake aiki. Kafin tsohon ya ɗaga kai, warin ya riga ya gaishe shi: tsohuwar taba, zufar hannayen mutane, da wani abu can ciki da ya mutu bai sami mai binne shi ba.

Ɗansa ne ya sayo shi daga wani gidan wasa da aka rufe. Irin teburin nan ne mai cin kwandala: ka saka ɗaya, ka tura ƙarfe, ƙwallaye su zubo. Ana kiran ɗan nan Injiniya tun ranar da ya kwance fankar gidan ya mayar, kusoshi huɗu suka rage a hannunsa. Sana'arsa ta gaskiya sayar da tayil ce. Shi da matarsa sun dawo gidan bayan rasuwar uwarsa, wai don su kula da tsoho, kuma tun daga lokacin suke kula da shi ɗaki bayan ɗaki.

Wannan ɗakin ne kaɗai ya rage masa. Tagarsa na kallon gabas, hasken safiya na sauka daidai kan bencin da ya shekara talatin da ɗaya yana buɗe cikin agogo a kai. A gefen tagar akwai kujerar marigayiya, inda take zama tana karanta masa jarida tana gyara wa 'yan jaridar kuskurensu.

Injiniya ya ce a mayar da bencin sito, ai sito ma ɗaki ne, akwai ƙwan lantarki. Mai Agogo ya ce idon ɗan shekara saba'in ba ya ganin gashin agogo, siririyar wayar nan ta cikinsa, a ƙarƙashin ƙwai. Surukarsa, wadda ba ta son hayaniya sai in ita ta tayar, ta raba gardama: nan da mako uku Manajan mijinta zai zo ranar Asabar. In teburin ya yi wasa ɗaya daga farko har ƙarshe, ɗaki ya zama na teburin, benci ya koma sito. In ya gaza, a fitar da shi ta ƙofar da ya shigo.

Tsohon ya yarda nan take. Ya san hannun ɗansa.

Da aka ɗage shimfiɗar dutsen da ke saman teburin, surukar ta toshe hanci da gefen mayafi ta fice. Ɓeraye sun yage koren ƙyallen sun yi sheƙa da shi. Guntayen sigari, marafan kwalabe, cingam da ya ƙame ya yi baƙi a kowace kusurwa, busasshiyar tsaka, da haƙorin roba guda ɗaya da ba wanda ya san yadda aka yi ya shiga. Mai warin kuwa ɓera ne da ya maƙale a magudanar ƙwallaye, ya bushe ya zama kamar tsohon takalmi. Injiniya ya kankare shi da cokalin shayi. Da yamma Mai Agogo ya ga cokalin nan a kicin cikin 'yan'uwansa, an ɗauraye shi sama-sama. Daga ranar ya koma juya shayinsa da gindin biro.

Bai sa hannu a aikin ba, kuma ba a nemi ya sa ba. Yana zaune da gilashi a ido ɗaya, ɗayan idon yana kallon ɗansa yana shafa gam kamar mai yaɓen gini, yana ja sabon ƙyalle yana barin tattara a gefe. A cikin akwatin kuɗin an sami kwandaloli biyar irin na da, waɗanda aka daina karɓa a kasuwa tun Injiniya na rarrafe, sun manne da wani baƙin danƙo. Su kaɗai teburin yake ganewa.

Tsofaffin ƙwallayen kuwa Injiniya ya juye su a kwandon shara, ya sayo sababbi a kwali, suna sheƙi kamar alawa. Washegari Mai Agogo ya je zubar da dattin bencinsa ya gan su. Farar ta koma rawaya kamar haƙorin mashayin taba. Don ƙyama ya so ya ture ta da yatsa, amma yatsan ya gaya masa wani abu. Ya ɗauke ta, ya ɗauki wata ja a ɗaya hannun. Farar ta fi girma, da abin da bai wuce kaurin farce ba.

Da gida ya yi shiru, ya durƙusa ya leƙa cikin teburin. Duk ramuka shida suna zubowa kan wasu siraran katakai biyu da aka jera da rata a tsakaninsu. Ƙwallo mai launi tana faɗawa ta ratar, ta tafi bayan wani gilashi da ke gefen teburin inda za a kulle ta sai an saka kwandala. Fara kuwa, da yake ta ɗan fi ƙiba, ba ta faɗawa. Tana gangarawa a kan katakan har ta fito ta wancan gefen a ci gaba da wasa. Ba waya, ba batir. Wani kafinta da bai taɓa gani ba ya zauna ya auna wannan da hankalinsa. Mai Agogo ya daɗe a durƙushe cikin warin nan, yana shafa katakan da bayan yatsa.

Ya buɗe kwalin sababbin. Duk girmansu ɗaya.

Ya wanke tsohuwar sau uku da sabulu, ya naɗe ta a hankici, ya sa a aljihun bencinsa. Bai ce wa kowa komai ba. Injiniya ya gwada teburin da ja da shuɗiya, suka tafi inda ya kamata, ya bar sabuwar farar a kwali don kada ta yi datti kafin babban baƙo.

Manaja ya iso ranar Asabar da hantsi, turarensa na faɗa da warin gam. Ya kira Mai Agogo "dattijo" ba tare da ya dube shi ba, ya zube a kujerar marigayiya yana taunar cingam, ya ce shi a zamaninsa ba a cin sa a sinuka. Aka saka kwandala, ƙwallaye suka zubo, surukar ta tafa.

A bugu na huɗu farar ta faɗa rami. Kowa ya juya yana kallon inda za ta fito. Sai ga ta bayan gilashi, a kulle, tana kallonsu.

Aka saka wata kwandala, duk ƙwallayen da aka ci suka zubo tare da ita, wasa ya lalace. Aka sake daga farko. Ta sake tafiya gidan yari. Manaja ya ce wannan tebur ya fi shi iya kasuwanci, ya yi dariya shi kaɗai. Da kwandala ta ƙarshe ta shige, rigar Injiniya ta jiƙe sharkaf.

Mai Agogo ya dubi tagarsa. Ɗaki ya dawo. Abin da ya rage masa kawai ya riƙe bakinsa.

Injiniya ya ce ya gano matsalar: wasu katakai ne biyu a ciki suke karkatar da hanya, in aka ɓalle su shi ke nan. Ya buɗe ƙofar gefen teburin, ya dawo da guduma da ƙaton sukundireba, ya kafa bakinsa a gindin katakon farko.

"Ajiye gudumar nan."

"Baba, minti ɗaya ne."

"Na sani. Wanda ya yi su wuni ya yi yana aunawa, kai minti ɗaya ya ishe ka. Ajiye."

Ya ja aljihun benci, ya warware hankici, ya ɗora tsohuwar ƙwallon a kan sabon ƙyallen. Surukar ta yamutsa fuska.

"Wannan ba daga shara take ba, Baba?"

"Daga nan take. Cokalin da kika juya wa baƙonki shayi ma da tarihinsa."

Ya sa hannu ta ƙofar gefen ya saki ƙwallayen, ya jefa tsohuwar a rami. Aka ji tana gangarawa a cikin cikin teburin, a hankali, ba gargada, ta fito ta wancan gefen ta tsaya. Suka yi wasa har ƙarshe. Manaja ya ci, ko dai an bar shi ya ci, ya bubbuga kafaɗar Injiniya ya ce lallai sunan nan bai faɗi a banza ba. Injiniya ya yi murmushi ya karɓa.

Da la'asar aka kai benci sito. Kujerar kuwa tsohon ya ce ba mai taɓa ta, shi zai ɗauka. Da ya kama ta ta ƙasan hannunta, yatsansa ya nutse cikin wani abu mai laushi, mai ɗumi-ɗumi, mai ƙamshin na'a-na'a. Cingam ɗin Manaja ne. Ya tsaya a ƙofar sito ya daɗe yana kallon yatsan.

Ya kunna ƙwan, ya zauna yana kankare kujerar da wuƙar buɗe agogo. Ta bango yana jin Injiniya na buga wasa shi kaɗai. Can farar ta faɗa rami. Mai Agogo ya ga hannunsa ya tsaya da aiki, kunnensa na bin ta tana gangarawa a kan katakan nan biyu har ta fito lafiya, ya kuma ji kansa ya gyaɗa da kansa. Ya yi tsaki, ya ci gaba da kankara.