Layi na Biyu

A kamfanin fentin da Sakatariya take aiki, sau biyu a shekara ake shiga abin da suke kira kulle. Ba ƙofa ake kullewa ba, baki ake kullewa. Daga ranar da daraktoci suka san labarin da zai taɓa farashin hannun jari har ranar da aka sanar wa duniya, duk wanda ya ji ba ya saye, ba ya sayarwa, ba ya kuma tsegunta wa kowa ko da ƙifta ido ne. Hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari ba ta ɗaukar wannan da wasa: akwai kora, akwai tara, wani lokacin har kotu. Sakatariya kuwa ita ke zama a ƙarshen teburin daraktoci tana rubuta abin da aka faɗa, don haka babu abin da ba ta sani ba.

Abin da ta rubuta ran Talatar nan ba shi da daɗi. An gwada fentin da ya fi tafiya a kasuwa, an sami gubar dalma a ciki fiye da ƙima. Za a kwashe shi daga shaguna, bana masu hannun jari ba za su ga ko sisin riba ba, kuma da zarar labari ya fita farashi zai faɗi warwas. Aka tsayar da sanarwa nan da kwana goma sha biyu, in gwaji na biyu ya tabbata. Shugaban daraktoci ya kurɓi ruwa ya tambaya ko da wani batu, aka tashi.

A gidan kawunta take zaune, ƙanin mahaifiyarta, wanda ya riƙe ta tun tana firamare. Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ke gare ta. Shekara talatin da biyar ya yi a bayan kanta a gidan waya yana buga hatimi, ya fito da ciwon baya da kuma imanin cewa babu fuskar da ba zai iya karantawa ba. Watan jiya garatutinsa ya fito, kuma tun ranar kuɗin suke masa ƙaiƙayi.

Da yamma ta same shi a baranda, jarida a cinya, ya zagaye sunan kamfaninsu da biro.

"Uwata, jibi zan je wurin dillali. Kuɗin nan kaf kamfaninku zan zuba su."

Ta ajiye jaka, ta ce abin da aka koya musu su ce: "Kawu, ba na magana a kan hannun jarin kamfani."

"Madalla!" Ya tafa hannu. "Bara ma haka kika ce, da wannan muryar, da wannan kallon ƙasan. Sati uku farashi ya tashi sama, ni ina zaune ina kallo kamar gunki. Bana ba za a yi babu ni ba."

Gaskiyarsa, kullen bara labari mai daɗi ya haifar. Ta ce masa ya dai bi a hankali, kuɗin tsufa ba a zuba su wuri ɗaya. Ya yi dariya ya ce ya gane, aikinta take karewa.

Kalma uku ne kawai za su cece shi: kada ka saya. Sai dai Kawu ba ya riƙe magana. Kafin azahar ɗin gobe abokansa na bencin 'yan fansho sun ji, kuma huɗu a cikinsu suna da hannun jarin kamfanin. Za su ruga su sayar, hukuma ta ga sayarwa ta taso babu dalili, ta bi sawu har barandar nan. Wanda zai sayi abin da suka zubar kuma, shi ma tsohon wani gida ne. Tsoro ya kama ta, na aikinta da na kuɗinsa, ta kasa cin abinci.

Da safe ta shiga ofishin lauyan kamfani, wanda ma'aikata ke kira Jan Biro don ba ya mayar da takarda sai ya ja mata layi. Ya saurare ta yana goge tabarau.

"Gaya masa dai ba za ki yi ba. Amma gida ɗaya kuke?"

"Gida ɗaya."

"To ai doka ta gama miki aiki." Ya zaro fom. "Duk wanda kuke kwana rufi ɗaya, kulle ya hau kansa. Rubuta sunansa, yau zan aika. Babu dillalin da zai karɓi odarsa sai an buɗe."

Layi biyar ne a fom ɗin. Ta rubuta Kawu a na farko. A na biyu biron ya ɗan tsaya, ta tuna matar Kawu, mai ɗinkin labule, wadda bankinta shi ne aljihun keken ɗinki, wadda ko jarida aka miƙa mata sai ta naɗe allura da ita. Sakatariya ta kusa yin dariya, ta bar layin babu komai.

"Shi ke nan?" in ji Jan Biro.

"Shi ke nan."

Washegari Kawu ya dawo daga wurin dillali ransa a ɓace, hula a hannu. "A gaban mutane, Uwata. Yaron da na isa in haife shi ya juyo min kwamfuta, wai sunana yana jerin waɗanda aka hana. Wa ya kai sunana?"

"Ni ce, Kawu. Doka ce."

Ya dube ta tsawon lokaci, irin kallon da yake yi wa mai son karɓar wasiƙar da ba tasa ba, ya shige ɗaki. Gaisuwarta ma da ka yake amsawa. Abin ya yi mata ciwo, amma ta ce a ranta fushin kwana goma mai sauƙi ne, ran nan ta ci abinci har da ƙari.

Kwana biyu sai ga Kawu yana fito yana ban ruwan shukokinsa. Ran Asabar kuma matarsa ta ci ado, ta leƙo ɗakin Sakatariya tana tambayar inda ake ɗaukar ƙaramin hoto na fasfo. Sakatariya ta kwatanta mata shagon da ke kusa da kemis, har ta ce ta nemi mai farin bango, shi ake karɓa ko'ina.

Sanarwa ta fita ranar da aka tsayar. Cikin kwana uku farashin ya zube fiye da rabi, aka dakatar da cinikinsa. Sakatariya ta biya ta sayi lemo mai ɓawo, wanda Kawu yake so, ta nufi gida tana shirya yadda za ta yi shiru ta bar shi ya gane da kansa.

Ta tarar da keken ɗinki a rufe. Kawu yana baranda, takardar dillali a cinyarsa, sunan matarsa a sama da ƙaramin hotonta mai farin bango.

"Cewa ya yi in sa hannu kawai," in ji matar Kawu daga bakin ƙofa. "Wallahi 'yar nan ban san ko mene ne ba."

"Duka, Kawu?"

"Duka." Muryarsa a kwance take. "Na ce in ba babban alheri ke tafe ba, me zai sa ki bi ni har wurin dillali ki tare?" Ya ninke takardar gida huɗu. "Da kin ce kada in saya, ai da na ji."

Ta ajiye lemon a kan tebur, babu wanda ya taɓa.

Ran Litinin Jan Biro ya kira ta. Hukuma ta rubuto: an buɗe sabon asusu da adireshin gidansu, an yi saye a cikin kulle, ana neman bayani.

"Kada ki damu," ya ce. "Takardar gargaɗi kawai za ki samu, ta rashin cika fom. Wanda aka tsegunta wa ba ya saye ana gobe faɗuwa. Asarar tsohon nan ita ta wanke ki." Ya turo mata fom ɗin, ya ja jan layi a ƙarƙashin layi na biyu. "Cike nan."

Ta rubuta sunan matar Kawu, ta sa kwanan wata, ta koma teburinta ta buga bayanin taron daraktoci.

Da yamma ta gaishe shi a baranda kamar kullum. Ya ɗago daga jaridar, ya amsa da ladabin da yake yi wa baƙi a bayan kanta.

"Sannu da aiki, Sakatariya."