Suna a Gindin Kofi

Nasiba ta sake kwance ƙullin kayan yaron, wai tana neman hularsa, alhali hular tana kansa. Mahaifiyarta Delu tana zaune a bakin tabarma tana kallonta. Tun jiya tsohuwar ta iso Filinge daga ƙauyensu na cikin Kurfai don ta tafi da jikanta. Har akuya mai nono ta saya dominsa, kuma motar komawa za ta tashi bayan azahar.

Gobe Nasiba za ta koma koyarwa a lakkwal, bayan doguwar jinyar da ta biyo haihuwa. Mijinta Kailu yana aiki a Yamai, sai ƙarshen wata ake ganinsa. Yaro ya isa yaye, ga shi ɗan fari, kowa kuwa ya san wurin kaka ake yaye ɗan fari. In ya tafi, sai ya yi wayo, in ma an dawo da shi. Ita kanta haka aka yi mata.

Gwamnati ce ta dama mata lissafi. An fito da wani taimako ga ma'aikata mata masu komawa aiki da goyo, aka ce kowace ta zaɓi ɗaya: ko a riƙa ba mai riƙon yaron wani abu duk wata, ko a ba yaron gurbi a gardari, gidan renon da aka buɗe bayan gidan likita. Kailu ya ce a waya ai faɗuwa ta zo daidai da zama, a sa sunan Inna kawai. Nasiba ta ce to. Me za ta ce? Mace mai kunya ba ta kama sunan ɗan farinta, balle ta buɗe baki ta ce tana son sa kusa da ita. Tun ranar suna "wannan" take ce masa. Amma ba ta son ya tafi, ba ta so ko kaɗan.

A gardarin ake faɗin zaɓi, kuma sai an je da mai riƙo. Delu ta goya yaron da kanta ta shige gaba. Nasiba ta biyo baya, idonta a kan 'yar ƙafarsa da ke reto. Ta tsaya ta sayi biskit. Ta tsaya ta taya sabulun da ba ta bukata. Ta tsaya gaisawa da wata tela wadda a kullum kauce mata take yi saboda surutu.

Delu ta waiwayo. "Ke, ƙahwarki ka ciwo, ko motar ce ba ki so mu iske?"

Suka tarar da yara a inuwar bishiyar dogon yaro ana raba musu kunu, kowa da kofinsa na roba, an rubuta sunansa a gindi da jan farce. Delu tana sauke yaron ya kutsa cikinsu, ya fizge kofin wata yarinya, aka ɓarke da kuka.

Madam Balkisa mai kula da gidan ta raba faɗan tana dariya, sannan ta tambayi Nasiba wanne ta zaɓa. Nasiba ta duƙar da kai tana murza gefen mayafi. Madam ta ce gurbi ɗaya ya rage, kuma akwai masu jira. Ta ɗauko sabon kofi, ta buɗe kwalbar jan farce.

"In nan za shi zamna, a ba ni sunanshi in rubuta. In ƙauye za shi, Inna ta matso ta dangwala yatsa."

Madam ita ma Bakurfaya ce, ta san abin da ta tambaya.

Sunan ya taso wa Nasiba har bakin harshe. Ta sha faɗinsa a zuci, ta sha raɗa masa shi a kunne in ba kowa, amma a gaban Inna? Kamar ta ce riƙon Inna bai ishe ta ba, kamar ta tuɓe kallabi a tsakiyar kasuwa.

Delu kuwa yaran take kallo. Can ta tambayi Madam, in marece ya yi fa? Madam ta ce uwa ta zo ta ɗauki abinta.

"Kullum?"

"Kullum, Inna."

Tsohuwar ta juya ta dubi jikanta. Yaron ya dawo ya kama zanenta, bakinsa duk kunun wani. Ta share masa da tafin hannu.

"Hafizu," in ji ta. "Rubuta mishi."

Madam ta fara rubutu. Delu ta nuna Nasiba da leɓe, ba ta dube ta ba.

"Ran da anka ɗauke wagga, na bi jakin da anka ɗora ta har bakin hwadama. Wanda duk ya tambaye ni, sai in ce itace nika nema."

Nasiba ba ta taɓa jin wannan labari ba. Ta girma tana zaton ba wanda ya waiwaya ranar da aka tafi da ita. Hawaye suka cika mata ido, ta sunkuya kamar tana gyara wa yaron takalmi.

Delu ta miƙa mata zanen goyo, ta ce ta tashi ta raka ta tasha kada mota ta bar ta.

A hanyar tasha Nasiba ce a gaba, da yaro a bayanta. Da ta waiwaya sai ta hango Delu can baya a gaban wani mai tebur, tana juya sabulu a hannu tana tambayar kuɗinsa.