Ɗan Farin Gwaggo Fatu

Gwaggo Fatu ta dawo daga birni da ƙullin da ta tafi da shi, ko kwance shi ba a yi ba. Ta ajiye shi a tsakar gidana, ta zauna bakin tabarma tana mai da numfashi. Ina duba littattafan 'yan aji huɗu ne, na ture su gefe.

"Gwaggo, kin gan shi?"

"Ban gan shi ba, Malama. Sun ce sai in hwaɗi sunanai."

"To, mi kinka ce?"

"Nic ce yaron nan na Isa, mai tabo ga goshi. Mai tsaron ƙohwa yac ce masu tabo sun hi ɗari ciki. Nic ce to, mai sunan uban Annabi Yaƙubu. Yac ce shi ba karatu yaz zo ɗauka ba, in gusa in ba na baya wuri."

Is'haƙa ɗan farinta ne, shi ke nan gare ta. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa kama sunansa ba, kamar yadda iyayenta ba su kama na nasu 'ya'yan fari ba. Tana goye da shi ta tsallako daga wani ƙauye na ƙasar Maraɗi a shekarar yunwa, bayan mijinta ya rasu, ta zauna nan garin Isa tana daddawa. Katanga ɗaya ta raba mu. Ba ta da takardar zama 'yar ƙasa ta can, ba ta da ta nan, haka shi ma ya tashi.

Bisa babur yake ɗaukar wake da albasa zuwa kasuwannin tsallaken iyaka. Wata Laraba aka tsai da shi a shinge kan hanyar Sabon Birni, aka sami layin Nijar a wayarsa da jarka biyu ta fetur. Aka ce shi ke kai wa 'yan bindiga. Daga ranar shekara biyu ke nan yana gidan yari, ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. Matan unguwa suka rage sayen daddawarta, sannan suka daina. Ba wanda ya ce mata komai, sai dai sallama ta ɗauke daga ƙofarta.

Ranar Asabar na ɗauki ƙullin na tafi da kaina, don ƙafafunta sun fara kumbura. Na faɗi suna, aka fito da shi. Ya rame, haƙoransa biyu na gaba babu. Na ba shi labarin zuwanta, sai ya yi dariya har ya dafa bango.

"Inna ke nan. Ko wuƙa anka sa mata ba ta hwaɗi." Ya goge ido da bakin riga. "Lahiyarta lau dai?"

"Da sauƙi," na ce.

A bakin ƙofa na gamu da wani lauya, Nasiruddeen, daga wata ƙungiya mai bin lamarin waɗanda ke jiran shari'a. Ya rubuta bayanina a tsanake. Bayan mako uku ya kira ni ya ce takardun Is'haƙa sun ɓata tun farko, shi ya sa ba wanda ya tuna da shi. Ya shigar da ƙorafi, an sa rana. Ya ce ana iya neman ma'aikacin gwamnati ya tsaya masa a ba da belinsa, tunda baƙo ne.

"Baƙo ina?" na ce. "Nan yay yi rarrahe. Rubuta ni."

Ranar farko ba a sami motar kawo shi kotu ba. Rana ta biyu alƙali ya tafi taro. Kowane karo sai in dawo in zauna gefen gadon Gwaggo in nemi kalmomin da za su yi mata sauƙi. Tari ya kama ta, ta daina fita ko bakin murhu. Kafin in tafi makaranta nakan dama mata kunu, in na taso in tarar ta sha rabi.

Wata Talata bayan azahar ta sa na buɗe taga. Damina ce, gero ya fara fitar da kai a bayan gida.

"Malama, yaushe anka sa?"

"Sha bakwai ga wata."

"Yau nawa?"

"Takwas."

Ta bi yatsunta ɗaya ɗaya, ta gama hannu biyu saura ɗaya, ta duba su.

"Da nisa," ta ce. "Za ni yi ƙoƙari."

"Kin iya, Gwaggo. Kin yi shekara biyu."

"In yaz zo ki sa a yi mai aski. Kar mutane su gan shi haka nan."

Na ce to. Ta juya fuska wajen bango, na ci gaba da yi mata fifita. Ana kiran la'asar na lura mayafin ya daina motsi. Ni da wata tsohuwa muka yi mata wanka. Maza bakwai suka kai ta.

Ranar sha bakwai aka kawo shi kotu. Nasiruddeen ya ce min ba a yi minti biyar ba: mai gabatar da ƙara ya ce ba shi da shaida, alƙali ya sallame shi. Ko sa hannuna ba a nema ba. A can kotu lauyan ya gaya masa rasuwar, don ni na kasa.

Washegari da hantsi ya sauka a motar Sakkwato, ya wuce makabarta tare da liman, sannan ya zo gida. Na ji sallamarsa ta kan katanga, na zagaya. Ɗakinta ba kulle yake ba, asabari ne kawai a sake. Na same shi tsugunne a gaban asabarin, hannuwansa kan gwiwa, kansa a sunkuye, yadda suke yi a gidan yari in za a ƙirga su.

"Is'haƙa, shiga mana. Ɗakinku na."

"To, Malama," ya ce.

Bai tashi ba. Na koma gida na ɗora ruwan zafi, na dawo. Yana nan inda na bar shi, iska tana ɗan ɗaga asabarin tana mai da shi.