Masu Gadi Uku a Kwamfutar Kawu

Kwamfutar Kawu Bature tana ɗaukar minti goma sha ɗaya kafin ta farka. Na auna da agogon wayata. Zakiyya takan kunna ta, ta je ta wanke kwanuka, ta dawo ta tarar ba a gama ba.

Zakiyya ƙanwata ce. Saura kwana goma sha biyu ta rubuta JAMB a Kaduna, kuma ba ta taɓa amsa tambaya a kwamfuta ba. Na san abin da ke jiranta. Shekara biyu baya ni ma na zauna wannan jarrabawar. Kaina ya san amsa, hannuna bai san maus ba. Lokaci ya ƙare ina tambaya ta ashirin da wani abu. Yanzu ina liƙa gilashin waya a rumfa kusa da tasha. Ba na son maganar.

Kawu yayan mahaifiyarmu ne, sakataren ƙungiyar manoman masara. Ranar da 'yan bindiga suka sa ya baro Kakangi, da kwamfutar nan ya fito, a naɗe cikin zanin matarsa. Sunayen 'yan ƙungiya da gonakinsu duk suna ciki. Tun daga lokacin kwaɗo uku yake sa wa ƙofarsa. Ba wanda ya taɓa yi masa dariya a kan haka.

Ya yarda Zakiyya ta riƙa gwaji a zaurensa, daga la'asar zuwa magariba. Sharaɗi ɗaya ya kafa, kada a taɓa masa masu gadi. Haka yake kiran antibairos, manhajojin da ke tsare kwamfuta daga cuta.

Na sa mata manhajar gwaji mai tambaya arba'in da agogo a sama. Ta danna amsa, allo ya tsaya cak. Fankar ciki ta yi ta kuka kamar injin markaɗe. Agogon kuwa bai jira kowa ba. Ranar farko ta kai tambaya ta goma sha ɗaya. Ta ɗora hannuwa a cinya. Na gane zaman nan.

Na duba ciki. Masu gadin uku ne. Na farko da shi kwamfutar ta zo, kuma da ya ga an kawo wasu sai ya ja gefe da kansa. Na biyu Baba Solomon ne ya sa, abokin Kawu tun firamare, bayan wani filash ya ɓoye musu takardun taki. Na uku Abdulbaƙi ne ya kawo da Babbar Sallah, a kwalinsa, sabo fil. Abdulbaƙi shi ne mijin Lailatu, 'yar farin Kawu.

Biyun nan su ne ke rigima. Duk fayil ɗin da aka buɗe, wannan ya tare ya bincika. Wancan ya ga ana bincike, ya zo ya binciki mai binciken. Kowa na ganin ɗan'uwansa ɓarawo. Tsohuwar kwamfuta ba ta da ƙarfin ciyar da su duka.

Na yi wa Kawu bayani. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a Kakangi mai gadi ɗaya suka ajiye ta gabas, aka shigo ta yamma. Gadi ba ya yawa. Wannan ba maganar da ake amsawa ba ce.

Washegari na sami Baba Solomon a shagonsa na magani yana jera kwalabe. Kafin in gama ya fara dariya.

"Je ka cire nawa, Shafi'u. Ni da Sakatare mun wuce kunya tun muna satar mangwaron hedimasta. Ka ce masa in ya yi gardama zan zo in cire kwaɗo ɗaya daga ƙofarsa ma."

Na tambaye shi na Abdulbaƙi fa. Ya daina dariya, ya ce wannan kayan suruki ne, shi ba ya ciki.

Da Kawu ya ji saƙon ya ce Solomon tun yana yaro ba shi da kirki, sannan ya ce in cire. Farkawa ta koma minti shida. Zakiyya ta kai tambaya ta ashirin da huɗu. Kusan inda na tsaya ke nan. Raina bai so lambar ba.

Na Abdulbaƙi mai kyau ne, amma na sababbin kwamfutoci ne, nauyinsa ya fi ƙarfin wannan. Da na faɗa, Kawu ya kau da kai ya ce wanda Malam ya kawo ba a taɓa shi. Ko sunan Abdulbaƙi ba ya kamawa. A nan na gane ba tsoron bairos kaɗai ba ne. Duk zuwan da surukin zai yi, sai Kawu ya buɗe kwamfutar a gabansa kamar yana neman wata takarda, don dai ya ga koriyar alamar kyautarsa tana nan a ƙasan allo.

Kwana biyu ina liƙa gilashi ina tunani. A na uku na lalubo wani wuri a cikin saitin mai gadin Abdulbaƙi. Ana iya dakatar da tsaronsa na kowane lokaci, a bar shi sai an kira shi. In an yi haka, na asalin, marar nauyin, zai dawo bakin aiki.

Na sami Kawu yana gyaran fartanya.

"Kawu, ba korarsa za a yi ba. Babba ne, ba a barin babba tsaye a bakin ƙofa yini guda. Ƙaramin ya tsaya ƙofa. In baƙon filash ya zo, sai a kira babban ya duba shi."

Ya tambaya ko alamar za ta zauna. Na ce za ta zauna. Ya tambaya ko koriya. Da na so da na ce e. Na ce a'a, ruwan ɗorawa za ta koma.

Ya daɗe yana buga ƙotar fartanyar a ƙasa. Daga zaure ana jin kukan fankar, da muryar Zakiyya tana ƙirga sakan a hankali, tana jiran allo ya motsa. Ta kai goma sha tara.

Ya ce in yi, amma kada Malam ya sani.

Farkawa ta koma minti biyu. Fankar ta yi shiru har Kawu ya kara kunne ya ji ko ta mutu. Na haɗa da intanet ɗin wayata, na sabunta ƙaramin, na sa babban ya binciki filash ɗin ƙungiya a gabansa. Ranar nan Zakiyya ta kai talatin da biyar. Bayan kwana uku ta gama arba'in, ta juyo ta ce, "Yaya, maus ɗin nan ashe ba ya cizo." Na ce ta koma ta sake.

Abdulbaƙi ya zo ran Asabar don ya tafi da ita gidansu a Kaduna. Ya durƙusa a zaure ya gaida Kawu, kansa ƙasa. Kawu ya riga ya rufe kwamfutar da darduma. Zakiyya ba ta san zancen ba. Ta shigo da jakarta, ta ce bari ta yi na ƙarshe kafin direba ya cika mota, ta yaye dardumar ta kunna.

Alamar ta fito, ruwan ɗorawa. Na ga idon Abdulbaƙi ya sauka a kanta. Kawu ya fara tambayarsa farashin taki a Kaduna, da ƙarfi.

A hanyar tasha, Zakiyya na gaba, Abdulbaƙi ya rage tafiya ya tambaye ni wa ya taɓa saitin. Na ce ni ne. Ya sauke numfashi.

"Allah ya yi maka albarka. Ni nawa tun bayan Sallah na cire, ya hana ni aiki. Duk zuwan da zan yi sai Baba ya buɗe mini shi, ina jin fankar tana kuka. To da wane baki zan ce masa kyautata ce ke wahalar da shi?"

Ya ce kada Kawu ya san ya gani. Na ce to. Amana biyu ke nan a wuyana, kuma ba su da nauyi.

Ran Talata da azahar Zakiyya ta kira. Ta ce ta gama duka, har da ragowar minti tara, ta koma ta duba Turanci. Na ce madalla. Ta ce haka kawai zan ce? Na ce madalla sosai.

Da la'asar na je na faɗa wa Kawu. Ya ce alhamdulillahi sau uku. Ban tambaye shi ko in mayar da alamar koriya ba, shi ma bai ce ba. Ya shiga ciki alwala, ya bar kwamfutar a buɗe. Manhajar gwajin tana nan. Na ja tabarma na zauna.

Na kai tambaya ta talatin da takwas.