Ramin da ke Bayan Tankin Ruwa

Ranar da Madam Edna ta kawo ajiyar kunkurunta, Ruƙayyatu tana kan waya da tela. Kunne ɗaya na wurin ɗinki, ɗaya na wurin maƙwabciya, kuma ɗinkin ne ya yi nasara. Edna za ta tafi Jos wankan jegon 'yarta Millicent, wata uku cur, ba ta da wanda za ta bar wa dabbar sai matar da suka shekara ashirin suna miƙa wa juna tuwo ta kan katanga a unguwar Herwagana. Ta yi ta bayani, abin da yake ci, abin da ba ya so, da wata magana a kan lokacin zafi. Ruƙayyatu ta yi ta gyaɗa kai tana cewa ba komai Maman Millicent, a ranta kuwa cewa take kunkuru dai ai ba jariri ba ne.

Ba kunkurun banza ba ne kuwa. Marigayi Malam Titus, mijin Edna, shi ya tsinto shi a hanyar Kaltungo tun bai fi tafin hannu ba, ya raɗa masa Hedimasta saboda yadda yake zagaya gida a hankali yana leƙa kowane ɗaki. Titus ya rasu, 'ya'ya sun watse, Hedimasta kaɗai ya rage mai sauraron hirar Edna.

Da zafin Maris ya kankama, sai aka nemi Hedimasta aka rasa. Ruƙayyatu ta duba ƙarƙashin gado, ta duba madafa, ta yanke hukuncin cewa mai ruwa ne ya bar ƙofa a buɗe, kunkurun ya fice. Ta ji ba daɗi na kwana biyu, sannan hidimar bikin 'yarta Najeeba ta sha kanta. Ta sa aka kira magini ya shafe mata tsakar gida da siminti, don kada dangin ango su zo su tarar da ƙasa. Maginin ya nuna mata wani rami a bayan tankin ruwa. Ko sunkuyawa ba ta yi ba ta ce ramin gafiya ne, ya cusa duwatsu ya zuba siminti da kauri. Har tsayawa ta yi a kansa don kada ya yi mata ha'inci.

Ruwan farko ya sauka ranar Litinin, Edna ta dawo Talata. Ko jakarta ba ta kwance ba ta shigo da ɓawon kankana a leda. Ruƙayyatu ta fara karanto ban haƙurin da ta daɗe tana shiryawa, mai ruwa, ƙofa, ƙaddara. Sai Edna ta fashe da dariya.

"Haba Maman Najeeba, ai na faɗa miki. In zafi ya yi rami yake tonawa ya shige ya yi ta barci. Da ya ji ruwa zai fito."

Idon Ruƙayyatu ya kai bayan tanki ya dawo. Maganar tana bakinta, wallahi tana bakinta, amma kunya ta danne ta. Ta yaya za ta dubi matar nan ta ce ita da kanta ta tsaya aka binne shi? Sai ta ji kanta tana cewa to Allah ya fito da shi lafiya.

Edna ta tsugunna a gindin lemo, inda ɗan filin ƙasa ya rage, ta yi ta lalube. Laraba ta dawo, Alhamis ma haka, kullum da sabon ɓawon kankana. Har yaba simintin ta yi, ta ce gida ya yi fes. Ruƙayyatu ta kasa cin abinci. Ta riƙa lallashin kanta cewa wata biyu a toshe, ai tuni ya mutu, faɗa ba zai dawo da shi ba, sai dai ya zubar mata da mutunci a banza.

Ranar Juma'a da safe Edna ta zauna a gindin lemon, ta ce wataƙila Hedimasta fushi yake da ita don ta tafi ta bar shi. Ta duƙa tana ba ƙasa haƙuri, tana kiran sunansa a hankali. Nan Ruƙayyatu ta kasa jurewa. Ta shiga ɗakin ajiya ta ɗauko digar da magini ya bari, ta nufi bayan tanki, ta hau sara tana hawaye. Edna ta tsaya tana kallonta, tun kafin simintin ya tsage ta gane.

Da hannu suka zaro duwatsun. Ba su yi nisa ba, yana nan daf da dutsen ƙarshe, kansa na fuskantar waje. Faratansa sun cinye, jikin dutsen duk karce ne, ƙasar da ya tono ma da ɗanyenta. Edna ta sa shi a baho da ruwa mai ɗumi, tana shafa masa ƙafa, tana jan wuyansa a hankali. Har aka fara kiran sallar Juma'a bai motsa ba. Ko wari bai fara ba.

"Ya ji ruwan," in ji Edna. "Ya taso."

Ta ɗago ta dubi Ruƙayyatu, babu faɗa a muryarta. "Yaushe kika tuna da ramin nan?"

Ƙarya ta zo mata a shirye, cewa yanzun nan ne, ko da asuba. Ruƙayyatu ta sunkuyar da kai.

"Tun ranar Talata."

Edna ta kwance ɗankwalinta ta naɗe shi, ta rungume shi ta fita, ta bar ledar kankanar a gindin lemo.

Da yamma Ruƙayyatu ta taka turmi ta miƙa kwanon tuwo ta kan katanga kamar kullum. Sai da ta yi kira sau uku. Edna ta fito, ta sa hannu biyu ta karɓa cikin ladabi.

"Na gode, Hajiya."

Shekara ashirin suna tare, ba ta taɓa kiranta Hajiya ba.