Tudun Afa Imoru

Kuna nan. Kada wani ya ce mini ya tafi kasuwa ko yana wajen aiki. Ranar Asabar ce da hantsi, layinmu na Nyohini cike yake da mutane. Kun ga lebura biyu da diga suna fasa tudun da ke gaban masallaci, kun ji ƙarar ƙarfe a kan siminti, sai kuka juya kuna kallon jar mota. Wasunku har waya kuka ɗaga kuna ɗaukar hotonta. Mutum ɗaya ne ya buɗe baki a wurin, mace ce mai sayar da koko, kuma da ta waiga tana neman wanda zai tsaya mata, ƙeyoyinku ta gani.

Bari in tuna muku abin da aka fasa, tunda mantuwa ta yi muku daɗi.

Shekarar da aka zuba wa layin kwalta, masu babur suka mai da shi filin tsere. Matan unguwa ne suka kwaso jar ƙasa da ɓaraguzan bulo a kwanon sarki, suka roƙi siminti, suka ja tudu daga wannan kwata zuwa waccan don a rage gudu. Ba shi da kyan gani. Wani gefen ya fi wani tsawo, bayansa kuma da faɗi kamar dakali. Amma duk mai abin hawa dole ya taka birki a nan.

Bayan haka ne idon Afa Imoru, wato Malam Imoru, ya tafi. Shi ne mai kiran salla a masallacin tun kafin a haifi yawancinmu, gidansa kuwa yana fuskantar masallacin, titi ne kawai a tsakani. Mutane suka ɗauka ya gama. Sai ya gano cewa tudun ya tashi daga ƙofar gidansa ne ya sauka a bakin masallaci. Yakan fito yana shafa bango, sandarsa ta taɓa tudun, ya hau bayansa, ya bi shi har tsallake. In ƙafarsa ta fara gangara sai ya san ya karkace, ya gyara. Babu mai riƙe shi, kuma ba ya yarda a riƙe shi. Matarsa Ashetu, mai kokon nan, ta taɓa miƙa masa hannu, ya ce mata, “Ashetu, idona ne ya tafi, ba ni ba. Ranar da aka ja ni zuwa masallaci, ranar na makance.”

Abin da yake da shi ke nan a duniya: ya tafi ɗakin Allah da ƙafarsa, shi kaɗai.

Awaisu ɗan layin ne. Ya yi shekaru a Kumasi yana sayar da kayan gyaran mota, Allah ya buɗa masa, ya dawo da jar mota ƙirar Kamaro mai ƙofa biyu. Ba mugu ba ne, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Shi ya saya wa masallaci lasifika. In ya ga Afa Imoru yakan tsuguna har ƙasa ya gaishe shi. Amma ya samu abokai masu irin motarsa, suna haɗuwa kowace Lahadi bayan la'asar a wurin wankin mota na bakin layi, su jera su, su buɗe bonet a ga inji, su yi ta zagaye suna auna juna. Wurin a buɗe yake, kowa na jin su.

Babban abokin adawarsa Bashiru ne, mai baƙar mota Mustan daga unguwar Jisonayili.

“Cale, abokina, wannan fuskar ta tsohon yayi ce fa,” in ji Bashiru yana buga bambar Kamaron da yatsa. “Dubi fitilunka, kamar mutumin da aka tasa daga barci. Na sabon samfuri sirara ne, suna harara.”

“Fuska za ka tuƙa?” in ji Awaisu. “Leƙa nan. Silinda takwas. Kai huɗu gare ka, ka je ka sayo tambarin takwas ka manna a baya. Injin da ke niƙa wa Ashetu gero ya fi motarka murya.”

Aka yi shewa. Bashiru ya ce ai tasa ta fi shiga kwana, kuma bayanta a zube yake kamar ruwa, ba kamar ta Awaisu da ke da ƙugu irin na akwati ba. Wani ya ce ja ya wuce yayi, yanzu toka-toka ake yi. Wani ya ce duk surutu ne, mota ƙafa ce, a duba rim.

A nan ne Awaisu ya gyara tsayuwa, don abin da ya zo nunawa ke nan. Sababbin rim baƙaƙe, inci ashirin, masu tsinke sirara, da taya maras kauri kamar an shafa roba da cokali. Ya kuma sa makaniki ya zaunar da motar ƙasa, har sai da ta kusa lasar kwalta.

“To,” in ji Bashiru, “wannan kam ta zauna.” Ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashinta, ya sa hannu a gindin bambar gaba, ya tsaya. “Kai! Wa ya cije ta?”

Bashiru ya miƙe yana dariya.

“Tudun masallacinku ne, ko? Na gan ka ranar Juma'a, kana hawansa a karkace kamar kaguwa, taya ɗaya bayan ɗaya, mai kura ya zo ya wuce ka yana gaishe ka. Masu gida, wannan mutumin ya sa takalmin ango ya shiga gona! To ranar da za mu zo ƙofar gidanku ɗaukar hoto, a ka za mu ɗauko motocin?”

Dariyar ta daɗe. Awaisu ma ya yi, amma bai sake buɗe bonet ba a ranar.

Washegari da safe ya je wurin Ashetu tana tsakiyar zuba wa mutane koko. Ya tsuguna.

“Dasiba, M'ma,” ya yi mata ina kwana da yaren gari.

“Naa. Ɗan Kumasi, yau da ƙosai ko babu?”

“M'ma, magana na zo da ita. Tudun nan ya tsufa, yana lalata motoci. Zan sa a cire shi, in yi muku abin da ya fi shi. Farin fenti, layi-layi, irin na manyan birane. Duk direba ya gani ya san wurin tsallakawa ne. Har allo zan kafa.”

Ashetu ta ajiye ludayi. “Fenti.”

“Mai ƙyalli ma. Daga nesa ana ganinsa.”

“Wa zai gan shi, Awaisu? Afa da wane ido?”

Gaskiya bai tuna ba. Sannan ya ce, “Ai ba za a rasa mai riƙe masa hannu ba. Unguwa cike take da jama'a.”

“Ka je ka faɗa masa haka da bakinka.”

Bai je ba. Wajen dattawan masallaci ya je, su kuwa suka dubi lasifikar da ke saman rufi, suka ce Allah ya yi albarka, ci gaba ne. Ku da kuka ji labari kuka ce ai ba tudun gwamnati ba ne, mata ne suka yi shi. Wasu suka ce dama yana karya musu ƙwai a bayan babur.

Haka Asabar ɗin ta zo. Ashetu ta bar tukunyarta ta tsaya a kan tudun, ta ce sai dai a fasa da ita. Leburorin suka fara daga ɗaya gefen. Ta kira ku da sunayenku, ɗaya ɗaya, mutanen da kuka sha kokonta tun kuna zuwa makaranta. Daidai lokacin Bashiru da sauran suka shigo layin a jere, Awaisu yana gaba, injina suna gurnani, kuka juya. Kafin azahar an share wurin, an shafa fenti, motocin suka wuce a kansa sumul, ba wadda ta ko sunkuya.

Afa Imoru yana zaune a zaurensa, ya ji komai. Da lokacin salla ya yi, Ashetu ta zo ta tsaya kusa da shi. Ya daɗe kafin ya miƙa mata hannu. Ta tsallakar da shi. Ya yi kiran salla, muryarsa yadda take, amma da aka idar bai tsaya gaisawa da kowa ba.

Haka suka yi kwanaki. Ya rage cin abinci. Ya daina zolayar masu wucewa da yake gane su da takunsu.

Sai ranar da Ashetu ta kai gero niƙa, wuta ta ɗauke, ta makara. Azahar ta yi. Afa Imoru ya jira, ya ji rana ta karkata a kan ƙafarsa, ya tashi ya ɗauki sanda. Ya shafa bango har ƙarshe. Sanda ta nemi tudu, ba ta samu ba. Ya shiga titi duk da haka. Ba abin da zai gaya wa ƙafarsa cewa ta karkace, sai ya yi ta tafiya a tsakiyar kwalta yana bin tsawon titin, yana tsammanin masallaci na gabansa. Da ya ji tafiyar ta yi yawa ya tsaya, ya juya, ya sake juyawa, yana buga sanda ko'ina, ko'ina kuma shafe yake.

Ziblim mai yelo-yelo, keken haya mai ƙafa uku, shi ya taho daga sama da fasinja. Ya shekara yana taka birki a wurin nan, amma ƙafa tana saurin koyon daɗi. Ya danna hon. Tsohon ya ji hon bai san ta ina zai kauce ba, ya kauce ta inda keken ya kauce.

Ƙugunsa ne ya karye.

Bayan an sallamo shi daga asibiti, masu motocin suka zo dubiya. Sun jera su a ƙofar gida, a kan farin fentin. Tun kafin su shiga na ji ɗayansu yana cewa ai ba ɗaya daga cikinsu ba ne ya buge shi, mai keke ne. Suka sauke wani babban kwali daga bayan motar ɗaukar kaya. Keken guragu ne, sabo fil.

Awaisu ya shiga ɗaki ya tsuguna a gefen katifa, ya kasa ɗaga kai.

“M'ba Afa, babana, sannu.”

“Naa. Awaisu ne? Na ji injinka tun daga kwana.” Muryar tsohon ta yi ƙasa sosai. “Yaya motar? Ta daina jin ciwo?”

“M'ba…”

“Tambaya nake yi. An ce cikinta ne yake gogawa. Yanzu tana wucewa lafiya?”

“Tana wucewa.”

“To madalla. Da a ce duka biyu aka rasa, da abin ya yi yawa.”

Awaisu ya fashe da kuka. Yana kuka yana cewa ya kawo keke mai kyau, daga waje, za a riƙa tura shi har sahun gaba, shi da kansa zai riƙa turawa in yana gari. Daga bakin ƙofa Bashiru, wanda kukan ya dame shi, ya ce, “Afa, ka ga ƙafafunsa kuwa? Rim ne na gaske, ba ƙarfen banza ba.” Sai ya ji abin da ya faɗa, ya fita.

Afa Imoru ya lalubo kan Awaisu ya dafa. “Na yafe maka, ɗana. Ka mai da kekenka. Ni ba kaya ba ne.”

Ga inda muke yau. Ƙashin yana haɗuwa. Ya fara tsayawa, yana takawa daga katifa zuwa zaure yana dafa bango. Amma a zaure yake tsayawa. Ya gaya wa Ashetu cewa ba zai sake bari a ja shi ba, kuma ba zai sake shiga titin da ba ya magana da ƙafarsa ba. Yakan zauna ya ji wani yana kiran salla a tsallaken titi, leɓunansa suna bi, sannan ya yi tasa a zaune, shi kaɗai, masallaci yana kallonsa. Jiya ya tambaye ta ko har yanzu tabarmarsa na nan a inda yake ajiye ta, ta ce tana nan. Ƙarya ta yi masa, an ba wani wurin.

Awaisu ya koma Kumasi da motarsa. Ya ce in an tashi gyara a kira shi. Dattawa sun ce a jira hukuma. Hukuma ba ta san an taɓa yin tudu a nan ba, balle ta san an cire shi.

Ashetu kuwa ba ta jira kowa ba. Kowace safiya, in ta sauke koko, takan ɗauki kwanon sarki ta je bayan makaranta ta ciko shi da jar ƙasa, ta zo ta zuba a kan farin fentin, ta daddanna da ƙafa. Kafin la'asar tayoyi sun watsar da ita. Gobe ta sake. Mace ce da ta haura sittin, wuyanta na rawa a ƙarƙashin kwanon, kuna wucewa ta gefenta a kan babur kuna cewa, “Sannu da aiki, M'ma.”

Ku riƙe sannunku. Asabar mai zuwa, da an idar da sallar asuba, ku fito ƙofar masallaci. Mai shebur ya zo da shebur, mai siminti ya zo da siminti, magina su zo da igiyarsu su ja shi miƙe daga ƙofar Afa Imoru zuwa bakin masallaci, da faɗin da ƙafa biyu za su taka. Waɗanda suka iya magana su wuce gidan wakilin unguwa, kada su tashi daga ƙofarsa sai ya zo ya tsaya a wurin da kansa, don kada gobe wani ya sake kawo diga. Kai da kake karanta wannan, da kai nake. Ka zo ka sauke kwanon nan daga kan matar nan.